Binciken Gawa: Yadda Likitoci Ke Gane Ɓarnar Da Rashin Iska Ya Yi Wa Ƙwaƙwalwa

Jama'a, duk wanda ya daɗe a Legas, Ibadan, Fatakwal ko Anacha ya san irin wannan labarin. An wayi gari mutanen wani ɗaki ba su fito sallar asuba ba, rana ta ɗaga shiru, aka ɓalle ƙofa aka tarar da su kwance kamar masu barci, ba rauni ba jini. Kafin azahar magana ta rabu gida uku. Wasu su ce guba aka zuba musu a abinci, wasu su ce jifa ne, wasu su ce aikin iska ne. To, sau da yawa aikin iskar ne kuwa, sai dai ba iskar da suke nufi ba. Iskar numfashi ce ta yanke wa ƙwaƙwalwa.

Na haɗa wannan bayani ne don mu mazauna Kurmi mu san abin da likitocin binciken gawa ke dubawa a irin wannan mutuwar, abin da za su iya tabbatarwa, da inda iliminsu ya tsaya. Maganar ta shafe mu, domin a kan zargin da babu hujja an sha raba aure, an kori mai dafa abinci, an tsare maƙwabci a hannun 'yan sanda. A ɗaya gefen kuma akwai wanda aka shaƙe da gangan, aka binne shi da sunan ajali, mai laifin yana yawonsa.

Me ya sa ƙwaƙwalwa ce ke fara jin jiki

Iskar da muke shaƙa, kashi 21 cikin 100 ne kawai oksijin, wato sinadarin da jiki ke rayuwa da shi. Huhu ya karɓe shi, jini ya ɗauka, zuciya ta tura shi ko'ina. Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, kusan kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ke nan, amma ita kaɗai tana cinye wajen kashi 20 cikin 100 na oksijin ɗin da jiki ke amfani da shi. Ga ci, ga rashin rumbu. Ba ta ajiye komai don gobe, abin da jini ya kawo yanzu shi take ci yanzu.

Shi ya sa idan jini ya daina zuwa mata gaba ɗaya, cikin daƙiƙa goma ko kusa da haka mutum ya suma. Idan aka kai minti 4 zuwa 6, ƙwayoyinta sun fara mutuwa, kuma ƙwayar ƙwaƙwalwar da ta mutu ba ta dawowa kamar yadda fata ke warkewa. Bayan minti goma babu taimako, da wuya a samu mutum ya tashi yadda yake a da.

Hanyoyin da iskar ke yankewa

Likitoci sun kasa abin bisa inda matsalar ta faru. Ko dai iskar wurin ce babu oksijin a cikinta, kamar ƙasan tsohuwar rijiya, cikin tankin mai, ko ramin sokawe, inda wasu iskoki masu nauyi ke taruwa su kori mai kyau. 'Yan'uwanmu masu haƙar rijiya da yasar masai su ne a bakin wannan haɗarin, kuma abin takaici na biyu da na uku da ke shiga ceto su ma can suke zubewa. Ko kuma hanyar numfashi ce ta toshe, kamar shaƙewa, rataya, nutsewa a ruwa, ko loma ta sarƙe. Ko ƙirji ne aka danne ya kasa buɗewa, kamar a turmutsutsu da rushewar gini. Ko jinin ne ya kasa ɗaukar oksijin, kamar a hayaƙin janareta da gawayi. Ko kuma zuciya ce ta tsaya, jinin bai ma isa ba.

Wannan na dannewar ƙirji, mu da muka tashi a kara mun san shi tun ba a asibiti ba. Idan aka yi lodin shanu daga Arewa, babban aikin 'yan rakiya a saman tirela shi ne kada saniya ta kwanta. Da ta kwanta sauran suka matse ta, ga hancinta a buɗe, ga iska ko'ina, amma haƙarƙarinta ba shi da wurin motsi, kafin a isa gari ta zama mushe. Haka abin yake ga ɗan Adam. Shi ne abin da ke kashe yawancin mutane a cunkoso, irin wanda ya faru a Mina a 2015, da na Ibadan a Disamba 2024 inda yara 35 suka rasu a wajen wani taron rabon kyauta.

Abin da likitan gawa ke dubawa

Aikin yana farawa tun daga wurin da aka samu gawar: yadda take kwance, ko tagogi a rufe suke, ko akwai inji ko murhu, ko akwai alamar kokawa. Sannan a duba jiki daga waje. Ana neman ɗige-ɗigen jini ƙanana kamar kan allura a farin ido da cikin fatar ido, shatar igiya ko ta yatsu a wuya, kumfa a baki da hanci, da launin da jini ya bari a inda ya kwanta bayan mutuwa. Daga ciki kuma ana duba naman wuya ko ya ƙuje, da wani ɗan ƙashi mai siffar kofaton doki da ke saman maƙogwaro, wanda kan karye idan an shaƙe mutum da hannu, musamman mai shekaru. A gobara ana duba ko akwai baƙin hayaƙi a cikin maƙogwaro da huhu. Idan akwai, mutumin yana numfashi wutar ta same shi. Idan babu, dole a tambaya ko ya riga ya mutu kafin wutar ta tashi.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan alamun da ke yanke hukunci ita kaɗai. Ɗige-ɗigen ido, misali, ana samun su a wasu mace-macen da ba ruwansu da shaƙewa. Likita haɗa su yake yi da gwajin jini da bayanin shaidu.

Sai ita ƙwaƙwalwar. Wanda ya taɓa ganin ƙwaƙwalwar sa a mayanka ya san laushinta, ba ta yankuwa da kyau tana ɗanya. Don haka idan ana son cikakken bincike, sai a jiƙa ta a ruwan magani mai suna fomalin na mako biyu ko fiye har ta yi tauri, sannan a yanka ta fale-fale, a ɗebi ƙananan yanka a rina su, a duba a madubin likita mai ƙara girman abu.

Ba ko'ina ne ke lalacewa lokaci guda ba. Akwai wuraren da suka fi saurin jin yunwar iska, kuma nan likita ke fara leƙawa. Na farko wani lanƙwasasshen sashe ne a can ciki da ake kira hifokamfas, wanda ke riƙe sabon abin da mutum ya gani ko ya ji. Na biyu wasu manyan ƙwayoyi ne a ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya, masu kula da daidaiton tafiya. Na uku wasu shimfiɗu ne a ɓawon ƙwaƙwalwa, inda tunani da magana suke. Na huɗu kuma iyakokin da manyan jijiyoyin jini ke haɗuwa. Ka ɗauke su kamar gidajen ƙarshen layin famfo: da ƙarfin ruwa ya ragu, su ne farkon waɗanda famfonsu zai ƙafe. Shi kuwa tushen ƙwaƙwalwa, mai kula da numfashi, ya fi sauran juriya. Wannan ne dalilin da za ka ga mutum yana numfashi da kansa, idonsa a buɗe, amma bai san wanda ke kansa ba har tsawon shekaru.

Ƙwaƙwalwa agogo ce

Ga abin da na fi so mai karatu ya riƙe. Alamun ɓarnar ba sa bayyana nan take, sai idan mutum ya ci gaba da rayuwa bayan abin ya faru, domin jiki mai rai ne ke nuna ciwo.

Idan jini ya ci gaba da zagayawa na ɗan lokaci, ƙwaƙwalwa takan kumbura, ta yi nauyi, kwarin da ke jikinta ya shafe saboda ta matsu da ƙoƙon kai. Idan mutum ya kai sa'o'i da yawa, galibi rabin yini zuwa yini guda, ƙwayoyin da suka mutu sukan tsuke, kuma idan an rina su sai su fito jajur a madubi. Bayan kwana biyu zuwa uku sai ƙwayoyin jiki masu share datti su fara taruwa suna kwashe matattun. Bayan mako ɗaya zuwa makonni sai tabo ya fara kafuwa. Wanda ya yi watanni ko shekaru, za a tarar ƙwaƙwalwar ta shanye ta ragu.

Da wannan jerin ne likita zai iya cewa ciwon nan ya kai kwana kaza, ko kuma mutumin nan bai mutu nan take ba. A kotu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Idan aka ce wani ya faɗi ne da safiyar yau a inda ake tsare da shi, amma ƙwaƙwalwarsa ta nuna ɓarnar kwana uku, ka ga akwai bayanin da wani zai yi.

Darasin filin wasa na Hillsborough

Masu kallon ƙwallo, musamman magoya bayan Liverpool, sun san wannan suna. Ranar 15 ga Afrilu 1989 aka yi cunkoso a filin wasa na Hillsborough da ke birnin Sheffield a Ingila, ana wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA tsakanin Liverpool da Nottingham Forest. A zaman binciken farko, alƙalin ya ƙi sauraron shaidar abin da ya faru bayan ƙarfe 3:15 na rana, bisa cewa kafin lokacin duk waɗanda suka mutu sun riga sun samu raunin da babu makawa. A 1991 aka yanke cewa haɗari ne kawai.

Iyalan mamatan ba su haƙura ba. A 2012 wani kwamiti mai zaman kansa ya sake bin takardun binciken gawarwakin, ya ga alamun cewa zuciya da huhun wasu sun ci gaba da aiki bayan matsewar, ciki har da kumburin ƙwaƙwalwa. Kwamitin ya ce mutum 41 cikin 96 suna da damar rayuwa bayan wancan lokacin da aka yanke. Aka soke hukuncin farko, aka sake zama, a Afrilu 2016 aka yanke cewa kisa ne ba bisa ƙa'ida ba. Shekara 27 ke nan, kuma takardun da likitoci suka rubuta tun 1989 suna cikin abin da ya buɗe ƙofar.

Mutum biyu a wannan lamari sun nuna tsawon wahalar ciwon. Tony Bland ya kwanta bai san inda yake ba har ya rasu a 1993. Andrew Devine ya rayu shekara 32 da lalatacciyar ƙwaƙwalwa, ya rasu a 2021, kotu ta ƙidaya shi mutum na 97.

Idan ƙwaƙwalwa ta yi shiru

Wanda ya mutu cikin 'yan mintoci, ƙwaƙwalwarsa kan fito kamar lafiyayya, ko da rashin iska ne ya kashe shi. Saboda haka idan rahoto ya ce ba a ga komai a ƙwaƙwalwa ba, hakan bai wanke kowa ba, bai kuma kama kowa ba. Sai a koma ga sauran hujjoji.

Shari'ar George Floyd a Amurka misali ce. Ya mutu ranar 25 ga Mayu 2020 a Minneapolis bayan ɗan sanda Derek Chauvin ya danne shi da gwiwa na minti 9 da daƙiƙa 29. A kotu, likitan huhu Martin Tobin ya bi bidiyon daki-daki, ya nuna yadda kwanciyar rub-da-ciki, ankwa a baya da nauyin da ke wuyansa da bayansa suka hana ƙirjinsa buɗewa, ya ce ƙarancin oksijin ne ya taɓa ƙwaƙwalwarsa ya kuma tsayar da zuciyarsa. An samu Chauvin da laifi a Afrilu 2021, aka ɗaure shi shekara 22 da rabi. Darasin a nan shi ne hoto, bidiyo da shaidar wanda ya gani suna cike giɓin da gawa ta bari.

Hayaƙin janareta da gawayi

Wannan shi ne ya fi kusa da ƙofarmu. Janareta, murhun gawayi da injin mota suna fitar da wata iska mai suna kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Tana manne wa sinadarin jinin da ke ɗaukar oksijin da ƙarfin da ya ninka na oksijin sau 200 ko fiye, sai jini ya riƙa zagayawa ba kaya. Farkonta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, abin da kowa zai ce zazzaɓin cizon sauro ne. Mai barci kuwa ba ya ma farkawa. A gidajen haya masu ɗakuna fuska da fuska, injin da aka ajiye a baranda ko ƙarƙashin bene don gudun ɓarayi ko ruwan sama yana iya cika ɗakin wanda ba shi ne ma ya kunna ba.

Ta fuskar bincike, wannan mutuwar tana cikin masu sauƙin tabbatarwa. Jini da naman mamacin kan yi ja mai haske fiye da ƙima. A baƙar fata ba a cika ganin haka daga waje ba, sai a ƙarƙashin farce, cikin leɓe, da kuma ciki. Gwajin jini ne ke yanke magana: mai shan sigari ma bai cika wuce kashi 10 cikin 100 ba, alhali kashi 50 zuwa sama yakan kashe, tsoho da mai ciwon zuciya kuma ƙasa da haka ma ya ishe su. Gubar tana daɗewa a jinin gawa. Wanda ya yi kwanaki kafin ya cika kuwa, sau da yawa akan ga tabo iri ɗaya dama da hagu a wani sashe na tsakiyar ƙwaƙwalwa, alamar da likitoci suka daɗe da sanin tana tafiya da wannan gubar.

Ga wanda aka fitar da rai, lokaci na da muhimmanci. Rabin gubar na fita daga jini cikin sa'a 4 zuwa 6 a iskar waje, idan an sa masa oksijin kuma wajen sa'a ɗaya da rabi. Don haka a faɗa wa likita maganar janareta tun a bakin ƙofa, a ɗebi jini da wuri. A sani kuma 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa tana iya nuna komai lafiya alhali jinin cike yake da guba, domin ba ta bambance su.

Wanda ya rayu

Akwai wanda zai farfaɗo sarai, a sallame shi, bayan 'yan kwanaki har zuwa wajen kwana 40 sai a ga ya canza: mantuwa, rikicewa, rawar jiki, tafiya tana gagara, fitsarin kwance, ko ya daina magana. A nan ne dangi kan ce an yi masa sammu. Likitoci sun san wannan a matsayin ɓarnar da ke biyo baya, kuma hoton ƙwaƙwalwa na MRI kan nuna ta. A mayar da shi asibiti, a ajiye duk takardun, domin su ne hujja idan maganar diyya ta taso tsakaninsa da mai gida ko wurin aiki.

Haka jaririn da ya daɗe bai yi kuka ba bayan doguwar naƙuda. Rashin iska a lokacin haihuwa na iya jawo shanyewar gaɓoɓi da farfaɗiya, amma ba kowane yaro mai irin wannan lalurar ne ya same ta a wajen haihuwa ba. Sai an duba katin awo, bayanan naƙuda da hoton ƙwaƙwalwa kafin a ɗora wa wani laifi.

Doka da addini

A jihar Legas akwai dokar 2007 da ta tsara binciken mutuwar da ba a san dalilinta ba. Mutuwar fuju'a, ta haɗari, ta tashin hankali, ko ta wanda ke tsare, dole a kai rahoto. Akwai alƙalin da ke kula da wannan, wanda a kotu ake ce wa korona, sunan ne kawai ya yi kama da na cutar nan. Yana da ikon ba da umarnin a binciki gawa, kuma asibitin koyarwa na jihar da ke Ikeja na cikin inda ake yin aikin. Sauran jihohin Kudu ma kowace da tata dokar.

Na san inda zuciyarmu take. Mun saba da gaggauta jana'iza, kuma mutuncin gawa babban abu ne a Musulunci. Amma malamai sun duba wannan mas'ala. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar Rabiɗa da ke Makka, a zamanta na 1987, ta halatta buɗe gawa idan alƙali na buƙatar sanin musabbabin mutuwa a shari'ar laifi, ko don gano cutar da za a kare jama'a daga gare ta, da sharaɗin a tsaya iya buƙata kuma a binne duk abin da aka cire. A ganina, inda ake zargin wani da kisa, jinkirin kwana ɗaya ko biyu ya fi a bar mai rai da tabon da ba zai goge ba. Dangi na iya zuwa da Sarkin Hausawa ko limamin unguwa su nemi a hanzarta, su tambaya ko ɗiban jini da ƙananan yanka zai wadatar, su kuma nemi kwafin rahoton.

Abin yi idan an tarar da irin wannan

A buɗe ƙofa da tagogi, a kashe inji, a fitar da mutane waje. Rijiya ko rami kuwa, kada kowa ya shiga ceto haka kawai, a kira 'yan kwana-kwana. A Legas ana kiran 112 ko 767. Wanda ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirjinsa a riƙa dannawa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti, kada a tsaya sai taimako ya zo. Kada a ɗura wa wanda ya suma madara, manja ko ruwa, zai iya wucewa huhu. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa.

Idan kuma rai ya riga ya yi halinsa, a ɗauki hoton ɗakin yadda aka same shi, da inda injin yake, kada a zubar da ragowar abinci, kada a wanke gawa kafin hukuma ta gani, a rubuta lokacin da aka ga mamacin da rai na ƙarshe da lokacin da aka same shi. Janareta kuma wurinsa waje, nesa da taga da ƙofa, gawayi ba ya kwana a ɗaki.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya tsare mu da iyalanmu a wannan zama na neman halali. Amin.